BABI NA HUƊU: Saka Jari a Harkar Gidaje Lokacin Karayar Tattalin Arzikin Amurka, 2006–2019

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda mallakar gidaje ta sauya hannu a ƙasar Amurka tun daga lokacin da farashinsu ya fara faɗuwa a shekarar 2006 har zuwa 2019, shekarar da mafi girma daga cikin kamfanonin da suka saye gidajen gwanjo ya kwashe ribarsa ya fita daga harkar. Za a fara da bayyana yanayin kasuwa kafin karayar, sannan a dubi yadda karayar ta auku. Daga nan sai a karkasa masu saka jari gida uku bisa ga matakin da kowannensu ya ɗauka. Abin da babin yake son ya tabbatar shi ne, ba kyawun gida ko unguwar da yake ne suka raba mai riba da mai hasara ba. Abin da ya raba su shi ne nauyin bashi da kuma wa'adin biyansa. Wanda ya shiga karayar da bashi a wuyansa ya sayar dole, wanda kuwa ya shige ta da tsabar kuɗi a hannu ya sayi yadda yake so.

4.1 Yanayin Kasuwar Gidaje Kafin Karaya

Akasarin mutanen Amurka ba sa sayen gida lakadan. Al'adarsu ita ce mutum ya ba da kafin alƙalami, banki ya cika masa sauran, shi kuma ya jinginar da gidan ga bankin, ya riƙa biya wata-wata tare da kuɗin ruwa har tsawon shekara 15 ko 30. Idan ya kasa biya, banki yana da ikon ƙwace gidan ya sa shi a gwanjo. Ke nan farashin gida a wannan ƙasa ya dogara ƙwarai a kan sauƙin samun bashi.

Bayan faɗuwar hannun jarin kamfanonin intanet a shekarar 2000 da kuma harin 11 ga Satumba, 2001, Babban Bankin Amurka ya yi ta rage kuɗin ruwa har ya kai kashi 1 cikin ɗari a watan Yuni na 2003. Bashi ya yi araha, jama'a suka yi ca a kan gidaje. Ma'aunin Case-Shiller, wanda yake bin farashin gidaje a manyan birane 20, ya nuna cewa farashin ya ninka tsakanin farkon shekarar 2000 da tsakiyar 2006. A shekarar 2004 kimanin kashi 69 cikin ɗari na iyalan Amurka suna zaune ne a gidajen da suka mallaka, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan.

Haka kuma tsarin ba da bashin kansa ya canza. A da, bankin da ya ba da bashi shi yake jiran a biya shi, saboda haka yakan binciki mai karɓa da kyau. Amma a wannan zamani sai dillalan bashi suka riƙa sayar da basussukan ga manyan bankunan birnin Niyok, su kuma su tattara dubbai wuri guda, su mayar da su takardun lamuni, su sayar wa kamfanonin inshora da asusun fansho da bankunan ƙasashen Turai. Tun da dillali ya riga ya karɓi la'adarsa, bai damu da ko za a biya ko ba za a biya ba. Ta haka ne aka buɗe ƙofa ga masu raunin biya, wato mutanen da samunsu bai kai ya ɗauki nauyin bashin ba. Da yawa daga cikinsu an ba su bashin da kuɗin ruwansa yake da sauƙi a shekara biyu ko uku na farko, daga nan sai ya yi tashin gwauron zabo. An gina wannan tsari duka a kan zato guda, wato farashin gida ba zai taɓa faɗuwa a duk faɗin ƙasar a lokaci ɗaya ba.

4.2 Faɗuwar Farashi da Durƙushewar Bankuna

Daga tsakiyar shekarar 2004 Babban Banki ya koma ƙara kuɗin ruwa, har ya kai kashi 5.25 cikin ɗari a watan Yuni na 2006. A daidai wannan lokaci ne farashin gidaje ya tsaya, sannan ya fara sauka. Masu raunin biya waɗanda suka yi fatan sayar da gida ko sabunta bashi kafin kuɗin ruwa ya hau, sai suka tarar ƙofa ta rufe. Kamfanin New Century Financial, ɗaya daga cikin manyan masu ba da irin wannan bashi, ya karye a watan Afrilu na 2007. A ranar 9 ga Agusta na shekarar, bankin BNP Paribas na Faransa ya dakatar da cire kuɗi daga asusu uku nasa saboda ya kasa ƙiyasta darajar takardun lamunin da ke ciki. A watan Satumba kuma jama'a suka yi layi a ƙofar bankin Northern Rock na Ingila domin kwashe ajiyarsu.

Shekarar 2008 ita ce ta fi muni. A watan Maris aka sayar da bankin Bear Stearns ga JPMorgan Chase da taimakon Babban Banki. A farkon Satumba gwamnati ta karɓe ragamar Fannie Mae da Freddie Mac, kamfanoni biyu da suke tsaya wa kusan rabin basussukan gidaje na ƙasar. A ranar 15 ga Satumba bankin Lehman Brothers ya karye, washegari kuma aka ceto kamfanin inshora na AIG da rancen dala biliyan 85. A ranar 3 ga Oktoba Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan dokar ware dala biliyan 700 domin tallafa wa bankuna.

Wannan rikici bai tsaya a kan bankuna ba. Fiye da mutum miliyan 8 suka rasa aikin yi, rashin aiki ya kai kashi 10 cikin ɗari a watan Oktoba na 2009. Farashin gidaje ya ci gaba da sauka har farkon shekarar 2012, inda ya ragu da kimanin kashi 27 cikin ɗari a faɗin ƙasa. A biranen Las Begas da Finiks kuwa faɗuwar ta zarce rabi. A shekarar 2010 kaɗai bankuna sun ƙwace gida fiye da miliyan 1, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen da ke jingine bashin da ake bin su ya fi darajarsu yawa.

4.3 Rabe-raben Masu Saka Jari

Idan aka lura da yadda masu saka jari suka fuskanci wannan yanayi, za a iya kasa su gida uku kamar haka.

4.3.1 Waɗanda Suka Saya da Bashi Gab da Karaya

Rukuni na farko su ne waɗanda suka saya lokacin da farashi yake ƙololuwa, kuma da kuɗin aro. Domin a fahimci halin da suka shiga, a ƙaddara mutum ya sayi gida a kan dala 200,000, ya ba da kafin alƙalami na dala 10,000, ya ranci 190,000. Idan farashi ya hau da kashi 10 cikin ɗari, ya sami dala 20,000, wato ninki biyu na jarinsa. Amma idan farashin ya faɗi da kashi 30 cikin ɗari, gidan ya koma 140,000, jarinsa ya tafi, kuma ko ya sayar akwai sauran dala 50,000 a kansa. Bashin da yake ninka riba shi ne dai yake ninka hasara. Ƙananan 'yan kasuwa da yawa a jihohin Fulorida da Nebada da Arizona da Kalifoniya, waɗanda suka saba sayen gida su yi masa kwaskwarima su sayar bayan 'yan watanni, da wannan lissafi suka karye.

Manyan attajirai ma ba su tsira ba. A watan Fabrairu na 2007 Sam Zell ya sayar da kamfaninsa na gine-ginen ofisoshi, Equity Office, ga kamfanin Blackstone a kan dala biliyan 39. Blackstone bai yi jinkiri ba, nan take ya shiga sayar da gine-ginen kashi-kashi. Harry Macklowe ya karɓi guda bakwai a tsakiyar Niyok a kan kimanin dala biliyan 7, alhali abin da ya fito daga aljihunsa bai wuce dala miliyan 50 ba, sauran duk rance ne mai wa'adin shekara guda. Da wa'adi ya cika a farkon 2008 babu bankin da ya yarda ya sabunta masa. Ya rasa gine-ginen bakwai, sannan ya sayar da shahararren ginin General Motors da ya mallaka tun kafin cinikin domin ya rage bashi. Gine-ginen suna nan daram, masu haya suna biya, wa'adi ne kawai ya ci shi.

Haka nan kamfanonin Tishman Speyer da BlackRock suka sayi rukunin gidajen haya na Stuyvesant Town da Peter Cooper Village a Niyok, mai ɗauke da gida kimanin 11,000, a kan dala biliyan 5.4 a shekarar 2006. Lissafinsu ya dogara a kan cewa za su ƙara kuɗin haya cikin gaggawa, amma doka da kotu suka taka musu burki. A watan Janairu na 2010 suka miƙa gidajen ga masu bin su bashi. Asusun fansho na ma'aikatan jihar Kalifoniya, wanda ya zuba dala miliyan 500 a cinikin, ya tashi a tutar babu. A shekarar 2015 Blackstone da wani abokin hulɗarsa na Kanada suka sayi waɗannan gidaje a kan dala biliyan 5.3.

4.3.2 Waɗanda Suka Yi Caca a Kan Faɗuwa

Rukuni na biyu ba su sayi gida ko ɗaya ba. Abin da suka yi shi ne sayen inshora a kan takardun lamunin gidaje waɗanda ba su ma mallaka ba, tamkar mutum ya yi wa gidan maƙwabcinsa inshorar gobara saboda ya hango hayaƙi. Suna biyan ɗan kuɗi kaɗan duk shekara, idan takardun suka lalace sai a biya su cikakkiyar darajarsu. Fitacce a cikinsu shi ne John Paulson, wanda kamfaninsa ya ci ribar kimanin dala biliyan 15 a shekarar 2007, shi kansa ya tashi da kusan biliyan 4. Wannan hanya ta jawo ce-ce-ku-ce. A watan Yuli na 2010 bankin Goldman Sachs ya amince ya biya dala miliyan 550 saboda ya sayar wa abokan cinikinsa wasu takardu mai suna Abacus ba tare da ya sanar da su cewa kamfanin Paulson, wanda yake caca a kan faɗuwarsu, ya sa hannu wajen zaɓen basussukan da ke ciki ba.

Daga baya wasu daga cikin 'yan wannan rukuni suka juya suka zama masu saye. A farkon 2009 wata ƙungiyar masu jari ƙarƙashin Steven Mnuchin, wadda Paulson da George Soros suke ciki, ta sayi karyayyen bankin IndyMac daga hukumar inshorar ajiya ta tarayya da jarin kimanin dala biliyan 1.5, bisa yarjejeniyar cewa hukumar za ta ɗauki wani kaso na hasarar basussukan. Suka raɗa masa suna OneWest, suka sayar da shi a 2015 a kan dala biliyan 3.4. Mnuchin ya zama Sakataren Baitulmalin Amurka a shekarar 2017.

4.3.3 Waɗanda Suka Jira Gwanjo

Rukuni na uku su ne suka fi barin tasiri mai ɗorewa. Kafin wannan karaya, hayar gida mai zaman kansa sana'a ce ta ƙananan masu jari, mutum mai gida biyu ko biyar a garinsu. Manyan kamfanoni suna ganin wahala ce a kula da dubban gidaje warwatse, kowanne da rufinsa da famfonsa. Ko Warren Buffett, da yake magana a gidan talabijin na CNBC a watan Fabrairu na 2012, ya nuna cewa da akwai hanyar kula da su cikin sauƙi da ya sayi gidaje dubbai ɗaruruwa.

Abubuwa uku suka canza wannan lissafi. Na farko, a wurare da yawa farashi ya faɗi ƙasa da abin da za a kashe a gina sabo. Na biyu, kuɗin haya bai faɗi kamar farashin saye ba, domin duk iyalin da aka ƙwace wa gida dole ne su nemi wurin kwana, kuma sunansu ya ɓaci a wurin bankuna na tsawon shekaru. Na uku, kwamfuta da wayar hannu sun sauƙaƙa ƙiyasta darajar gida da karɓar haya daga nesa. Alal misali, a ƙaddara an sayi gida a gwanjo a kan dala 100,000, aka kashe 20,000 wajen gyara, aka ba da shi haya a kan dala 1,000 a wata. Abin da zai shigo a shekara shi ne 12,000, wato kashi 10 cikin ɗari kafin a cire haraji da gyare-gyare, a lokacin da ajiyar banki ba ta kawo kusan komai.

A shekarar 2012 Blackstone ya kafa kamfanin Invitation Homes, ya fara saye daga birnin Finiks. Akwai lokacin da yake kashe fiye da dala miliyan 100 a mako guda. Cikin 'yan shekaru ya kashe kimanin dala biliyan 10 a kan gida kusan 50,000. B. Wayne Hughes ya kafa American Homes 4 Rent, Tom Barrack kuma ya kafa Colony American Homes. A jihar Jojiya, inda doka ta tanadi yin gwanjon gidaje a bakin kotu ranar Talatar farko ta kowane wata, wakilan waɗannan kamfanoni sukan zo da takardun cak na banki a shirye. Magidanci mai neman gidan zama ba shi da damar yin takara da su, domin gwanjo ba ya jiran banki ya tantance takardu, su kuma bankuna a lokacin sun tsaurara sharuɗɗan ba da bashi. Kusan kashi 30 cikin ɗari na cinikin tsofaffin gidaje a 2011 da 2012 lakadan aka yi shi. Wato a daidai lokacin da gida ya fi araha, a lokacin ne talaka ya fi kasa samun kuɗin saye.

A ƙarshen shekarar 2013 Invitation Homes ya fito da takardun lamuni na dala miliyan 479 waɗanda aka jingina a kan gida 3,207 da kuɗin hayarsu. Ke nan dabarar da aka yi amfani da ita a kan bashin jingina, ita ce aka maido a kan haya. An sa kamfanin a kasuwar hannun jari a farkon 2017, ya haɗe da Starwood Waypoint Homes a ƙarshen shekarar, gidajensa suka kai kimanin 82,000. A watan Nuwamba na 2019 Blackstone ya sayar da ragowar hannun jarinsa, bayan ya karɓi fiye da ninki biyu na abin da ya zuba.

4.4 Rawar da Gwamnati ta Taka

Ba za a ce basirar 'yan kasuwa kaɗai ce ta haifar da wannan riba ba. Daga Disamba 2008 zuwa Disamba 2015 Babban Banki ya riƙe kuɗin ruwa kusa da sifiri, ya kuma sayi takardun lamunin gidaje na fiye da dala tiriliyan 1. Wannan ya sa manyan kamfanoni suka sami rance mai araha daga bankunan da aka ceto. Shirin gwamnatin Barack Obama na 2009 na sassauta wa masu gidaje bashi an tsara shi ne domin mutum miliyan 3 zuwa 4, amma waɗanda suka amfana ba su kai hakan ba. A shekarar 2010 aka gano ma'aikatan wasu bankuna suna sa hannu a kan dubban takardun ƙwace gidaje ba tare da sun karanta ba, abin da ya kai ga sulhun dala biliyan 25 tsakanin manyan bankuna biyar da gwamnatin tarayya da jihohi 49 a watan Fabrairu na 2012. Daɗin daɗawa, a watan Janairu na 2012 Babban Banki, ƙarƙashin Ben Bernanke, ya aika wa Majalisa takardar da ta ba da shawarar mayar da ƙwatattun gidaje gidajen haya, kuma a watan da ya biyo baya aka ƙaddamar da shirin gwaji na sayar da gidajen Fannie Mae kimanin 2,500 a dunƙule, irin cinikin da babu mai iya shigarsa sai babban mai jari.

4.5 Sakamako

Masu kare waɗannan kamfanoni suna kafa hujja da cewa sun shigo ne lokacin da babu mai saye, suka gyara kangwaye, suka tsayar da faɗuwar farashi, wanda hakan ya amfani har maƙwabtan da suka riƙe gidajensu. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin farashi ya fara farfaɗowa daga 2012, ya koma matsayinsa na 2006 a ƙarshen shekarar 2016. Haka kuma rahoton ofishin binciken Majalisar Amurka na 2024 ya nuna cewa gidajen da manyan kamfanoni suka mallaka zuwa 2022 kimanin 450,000 ne, ƙaramin kaso idan aka kwatanta da gidajen haya na ƙasar baki ɗaya. Sai dai rahoton ya nuna sun taru ne a wasu birane, inda a Atalanta suke riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na irin waɗannan gidajen haya.

A ɗaya ɓangaren, farfaɗowar farashin ba ta amfani waɗanda suka riga suka rasa gidajensu ba. Binciken Babban Banki ya nuna dukiyar matsakaicin iyali ta ragu da kusan kashi 39 cikin ɗari tsakanin 2007 da 2010. Adadin masu mallakar gida ya sauka daga kashi 69 zuwa kashi 63 cikin ɗari a 2016. Hasarar ba ta zo daidai ga kowa ba. Cibiyar Pew ta gano cewa tsakanin 2005 da 2009 dukiyar matsakaicin iyali ta ragu da kashi 66 cikin ɗari a tsakanin 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka, da kashi 53 a tsakanin baƙaƙen fata, alhali ta fararen fata ta ragu da kashi 16. Bankin Wells Fargo ya biya dala miliyan 175 a 2012 bisa zargin tura baƙaƙen fata da 'yan Latin ga bashi mai tsada. Su ma 'yan haya sun yi ƙorafi a kan ƙarin kuɗi da saurin kora, har a watan Satumba na 2024 Invitation Homes ya amince ya biya dala miliyan 48 domin sasantawa da hukumar kula da ciniki ta tarayya a kan zargin ɓoyayyun kuɗaɗe da riƙe kuɗin ajiyar 'yan haya.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda arahar bashi ta ɗaga farashin gidaje a Amurka, da yadda tsarin ya rushe daga shekarar 2006. An kuma ga cewa masu saka jari sun kasu gida uku. Na farko sun saya da rance mai gajeren wa'adi suka rasa komai, ko da kuwa kadararsu mai kyau ce. Na biyu sun ci riba daga faɗuwar ba tare da sun mallaki ko bulo ɗaya ba. Na uku sun jira har farashi ya kai ƙasa, suka saya lakadan, suka mayar da gidajen zama gidajen haya. Hausawa suna cewa faɗuwar wani tashin wani, amma bayanan da suka gabata sun nuna cewa ba sa'a ce ta zaɓi wanda zai tashi ba. Samun kuɗi a lokacin da kowa ya rasa shi ne ya zaɓa, kuma matakan gwamnati sun taimaka wajen tantance hannun da kuɗin ya fara isa. Babi na gaba zai dubi dokokin da aka kafa bayan karayar, musamman dokar Dodd-Frank ta shekarar 2010, domin a ga ko sun toshe kafar da matsalar ta shigo.